Rabon Gadon Fayafai Biyar

Ali Kazaure, Jos
Maris, 2006

Ɗana Mahdi,

Ina gaishe ka da kyau, kai da tekun da kifayen cikinta. Mu nan alhamdu lillahi, sai kunnen nan nawa da ya ƙara nauyi, har 'yata Balaraba ta gaji da ɗaga murya ta koma yi mini nuni da hannu kamar mai kiran kaji. Shi ya sa ban neme ka ta waya ba, kuɗin banza zan ƙona ina cewa "na'am?" Rabona da kai tun rasuwar kakarka, yayar mahaifiyata. An ce zumunta a ƙafa take, to ƙafar ta gaza, ga takarda.

Ka san shagona na hoto ya tafi a gobarar kasuwa. Abin da ya rage mini shi ne nagatif ɗin da na tara a gida cikin akwatunan ƙarfe, na biki da suna da saukar karatu da auren coci, aikin rayuwata kaf. Damina ta same su ta rufin kwano, sun fara manne wa juna suna wari. Sai na sayi na'urar sikanin, ina ɗaukarsu ɗaya bayan ɗaya ina zubawa a kwamfuta kafin su narke.

Ba don sha'awa nake wannan wahala ba. Tun rikicin 2001 mutane ke sallama a ƙofata, waɗanda gidajensu suka ƙone har da hotuna, suna neman fuskar wanda suka rasa. Sau da yawa mamacin bai taɓa zama gabana ba, a gefen bikin wani nake tsinto shi, yana riƙe da faranti ko yana kallon wani wuri.

Ko ka tuna Badung, maƙwabcinmu mai farar bas da ke kwasar 'yan kai amarya? Ya fita ranar Juma'ar da rikicin ya ɓarke bai dawo ba, ba gawa ba labari, gidansu kuma ya ƙone. Matarsa Magadaliya tana da ciki a lokacin, ta koma Daɗin Kowa ta haifi mace, Ana. Yarinyar ta fara tambayar kamannin ubanta. Duk Asabar Magadaliya take ratso gari zuwa unguwar nan, kai ma ka san ba ƙaramin abu ba ne a wajenta, ta zauna a kan benci ta ce, "Baba Labaran, an samu?" Ni kuma in ce tukuna. Badung cewa yake hoto na masu kuɗi ne, bai taɓa tsayawa na ɗauke shi ba. Amma bikin da bai kai amarya ba a unguwar nan kaɗan ne. Yana cikin akwatunan nan, na tabbata.

To ga matsalar. Kwamfutar ta cika. Na sayi fayafan ajiya biyar a wajen Emenike mai shagon kwamfuta, ashe allon cikinta ba shi da bakin da zai karɓe su duka, sai an soka masa kati. Ya nuna mini iri biyu. Ɗaya mai araha, yana nuna kowane faifai daban. Ɗayan mai tsada, yana ɗaure biyar ɗin su zama rumbu guda. Kai ne ke kula da kwamfutocin jirgin masu haƙar mai, gaya mini wanda zan ɗauka. Ka ba direban dankalin da ya kawo maka wannan amsa, shi zai kawo kasuwar Laranto.

Kawunka,
Labaran Mai Hoto

Fatakwal
Afrilu, 2006

Kawu,

Na same ku lafiya? Allah ya ƙara sauƙin kunne. Na sauko daga jirgi na tarar da takardarka, na karanta ta a tsaye. Na tuna Badung sarai, shi ya taɓa ɗaukar mu kyauta zuwa duwatsun Shere da sallah.

Shawarata ita ce ka ɗauki mai arahar. Da shi kowane faifai yana tsaye da ƙafarsa, ko an ciro shi an kai Kano za a buɗe a ga abin da ke ciki. In ɗaya ya mutu, nasa kaɗai aka rasa. In katin ne ya ƙone, kowane kati zai maye gurbinsa. Ka zuba hotuna a uku, biyun ka riƙa kwafe mafi muhimmanci a kansu. Ka duba dai yana da baki biyar ko fiye, kuma zai shiga ramin allonka, don ramukan ba iri ɗaya ba ne.

Mai tsadar aikinsa daban. Yanka kowane hoto yake yi gunduwa-gunduwa ya rarraba wa fayafan, kamar naman layya a unguwa, ba gidan da ke da rago sukutum. Yana kuma ajiye wani lissafi da zai cike gurbi in faifai ɗaya ya mutu, shi ne abin da Emenike zai yi maka talla da shi, kuma gaskiya ne. Amma ɗaya tak yake iya cikewa. In biyu suka tafi, duka sun tafi. In katin ya ƙone, sai an samo irinsa sak kafin fayafan su yi magana. Mu a jirgi shi muke amfani da shi, amma muna da wani a ajiye, da batir don ɗaukewar wuta, da mutum uku da suka san kansa. Kai kuwa kai kaɗai ne a gidan ka san abin da ke cikin akwatin nan.

Kada kuma ka zubar da nagatif ko ɗaya, ko ya ruɓe. A gaida Balaraba da sauran 'yan'uwa.

Ɗanka,
Mahdi

Ali Kazaure, Jos
Agusta, 2006

Injiniyan teku,

Lafiya lau muke, ruwa ne dai kullum kamar an ɓula sama. Takardarka ta sha yawo, motar dankalin ta lalace a Lafiya, direban ya manta da ita a aljihun rigar da ya ba wanki. Kafin ta iso na riga na sayi mai tsadar, Emenike ya ɗaura, aiki ya yi nisa. Kada ka ɓata rai. Ni mai neman mutum ɗaya ne cikin dubbai, gara in neme shi a ɗaki ɗaya da in riƙa zagaya ɗaki biyar. Maganar sayen kati na biyu kuwa, sai ka aiko da rijiyar man.

Nagatif ɗin ma da ka ce, aikin gama ya gama. Da yawansu fatar hoton tana biyo gilashin na'ura in na ɗaga, sau ɗaya suke yarda a ɗauke su. Ragowar na ƙona su a bayan gida. Ba zan bar fuskokin mutane a bola awaki suna taunawa ba.

Mahdi, aikin nan ya fara taɓa ni. Ba na jin ƙarar kwamfutar, amma in na ɗora tafin hannu a kan tebur ina jin fayafan biyar suna gunji tare, kamar mutane na wuridi a bayan bango. Akwai hoton wani kamu da na buɗe, layin gaba gaba ɗaya babu mai rai a yau, kuma duk dariya suke yi. Shekaranjiya a kasuwar Laranto na ɗaga wa wani hannu, na kira sunansa, sai da na iso gida na tuna a allo na gan shi da safe, kuma ni na yi masa wankan gawa da hannuna. Tsoro nake ji, ban gaya wa yaran ba.

Amma ga albishir. Na sami Badung. A bikin 'yar Alhaji Ɗanliti tela ne, can ƙarshen hoton, ya jingina da ƙofar bas ɗinsa, hula a ƙeya, yana yi wa wani dariya. Na yanko shi shi kaɗai na faɗaɗa. Akwai tabon ruwa a kafaɗarsa da nake gogewa a hankali. Ban gaya wa Magadaliya ba. So nake in gyara shi tsaf, in sa a firam, in kai musu Daɗin Kowa da ƙafata ranar Kirsimeti. Jiya ta zo na ce mata tukuna, da ƙyar na riƙe fuskata.

Kawunka,
Labaran

Fatakwal
Satumba, 2006

Kawu,

Ina gaisuwa, a gurguje nake, jirgi zai tashi kuma wannan karon za mu daɗe. Na yi murna ƙwarai. Amma don Allah kada ka jira Kirsimeti. Ka buga hoton yau, da tabonsa da komai, ka kuma kwafe shi a wani wuri. Sannan ka rubuta a jikin kwamfutar da babban baƙi cewa ba a raba fayafan nan.

Mahdi

Ali Kazaure, Jos
Disamba, 2006

Yaya Mahdi,

Assalamu alaikum. Ni ce Balaraba. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un, Allah ya yi wa Baba rasuwa cikin azumi. Faɗuwa ya yi a tsakar gida yana alwala, kafin a kai asibiti rai ya yi halinsa. Mun nemi hanyar sanar da kai, aka ce kana teku. Ka yafe masa in akwai wani abu tsakaninku.

Kafin rasuwar an yi wata tsawa da ta kashe kayan wuta a layinmu, kwamfutarsa ta ƙi tashi. Abin ya dame shi fiye da kima, ya daina cin abinci sosai, sai ya zauna ya ɗora hannu a kan teburin shiru. Emenike ya duba ya ce katin ne ya ƙone, fayafan lafiyarsu ƙalau, yana cigiyar irinsa. Ana cikin haka Baba ya tafi.

Bayan arba'in Baffa ya tara mu aka raba gado. Ka san ba wani abin kirki ya bari ba, gidan ne da kayan hoto. Da aka zo kan kwamfuta kowa ya ce ba ya son a sayar, aikin Baba ne, kowa yana son ya tafi da wani abu nasa. Baffa ya tambaya ko fayafan suna rabuwa. Ni na ɗauko takardarka ta farko daga ƙarƙashin matashinsa na karanta musu inda ka ce kowanne yana tsaye da ƙafarsa, ko an kai Kano za a buɗe. Na san Baba ba ya tsallake shawararka a kan na'ura. Baffa har ya yi murmushi, ya ce bai taɓa ganin gadon da ya fita daidai haka ba: Ashraf namiji ya ɗauki biyu, ni da Ummusalma da Amatullahi ɗaya-ɗaya. Ashraf ya koma Kano da nasa, Ummusalma Bauci, Amatullahi Zariya. Nawa na naɗe shi a ɗankwalin Mama na sa a akwati.

Wata takardarka ta iso bayan rabon, gajeriya. Na buɗe, ka yi haƙuri. Wane hoto ne za a buga? Kuma me ya sa ba a raba su, bayan kai ka ce suna rabuwa? Tun da na karanta gabana ke faɗuwa.

Matar nan Magadaliya ta zo gaisuwa, ta yi kuka kamar ubanta ne. Har yanzu tana zuwa ranar Asabar, ta zauna a bencin, ba ta tambayar komai.

Ƙanwarka,
Balaraba

Fatakwal
Janairu, 2007

Balaraba,

Allah ya jiƙan Kawu, ya sa ya huta, ya ba mu haƙuri. Yau na sauko, yau na sani. Ban iya cin komai ba.

Ki karanta wannan a nutse. Kawu bai sayi katin da na ba shi shawara ba, ɗayan ya saya, tun kafin takardata ta iso. Layin da kika karanta wa Baffa ba na fayafanku ba ne. Naku babu wanda ke ɗauke da hoto ko ɗaya cikakke, kowane hoto an yanka shi an raba musu su biyar. Sai sun haɗu, a kan kati irin wanda ya ƙone, sannan za a ga wani abu.

Ki tattaro su yanzu. Ki gaya wa kowa kada ya jona nasa a wata kwamfuta. Duk wadda aka jona za ta ce faifan fanko ne, ta nemi a shirya shi sabo, kuma in aka amsa mata an shafe shi. Ɗaya za mu iya rasawa, biyu ba za mu iya ba. Ki fara da Ashraf, shi ke da biyu.

Hoton na Badung ne, mijin Magadaliya. Kawu ya same shi tun Agusta, yana gyarawa ne ya kai musu da Kirsimeti. Yana cikin fayafan nan, kuma babu shi a ko'ina a duniya sai nan. Gobe zan wuce Legas in bi shagunan tsofaffin kaya neman katin. Lambar wayata tana bayan takardar nan.

Mahdi

Ali Kazaure, Jos
Fabrairu, 2007

Yaya Mahdi,

Muna lafiya, ina fatan kai ma haka. Na riƙe wayar na kasa kira, bakina ba zai iya faɗa ba, gara in rubuta.

Na yi wauta tun farko. Ranar da takardarka ta zo Asabar ce, Magadaliya na zaune a bencin. Murna ta ɗebe ni na ce mata Baba ya sami mijinta. Ta kama hannuna ta riƙe, ta ce, "Ki sake faɗa." Na sake. Ta ce za ta gaya wa Ana a daren. Ka ga yanzu yarinya ma ta sani.

Na Ummusalma da na Amatullahi suna hannuna, ko buɗe ƙunshin ba su yi ba. Kano kuwa da kaina na je. Ashraf ya sunkuyar da kai tun ina bakin ƙofa. Ashe satin da ya koma ya kai nasa biyun wajen wani mai gyara, yana ɗokin ganin hotunan Mama tana budurwa. Kwamfuta ta ce fanko ne, na farko da na biyu. Mai gyaran ya ce masa, "An ba ka ƙwarya ba nono." Ya ji zafi, ya zaci Baba bai kai ga zuba komai a nasa kason ba, amma kunya ta hana shi magana kada a ce yana ƙorafin gado. Aka yi musu fomatin, aka shafe su. Wani abokinsa mai shagon haya ya cika su taf da finafinai da wa'azi.

Na zage shi, Yaya, zagin da ban taɓa yi wa ɗan'uwa ba, ya tsaya yana hawaye bai rama ba. A mota na tuna ni ce na karanta layin da bakina. Kai ma na ji haushinka, me ya sa ka yi wa kurma bayanin kati biyu a takarda ɗaya? Na san ba laifinka ba ne. Ba ni da wanda zan ɗora wa ne.

Ga su nan duka biyar na ba direba, cikin bargo. Ko katin ya samu ko bai samu ba, ka yi abin da za ka iya. Na ce wa Magadaliya an kai gyara. Ta ce Ana ta share wuri a bango.

Balaraba

Legas
Afrilu, 2007

Balaraba,

Ina gaishe ku. Na sami katin a wajen wani mai tsofaffin kaya a Ikeja, irinsa sak. Na jona, ya ƙirga uku, ya ce biyu ba nasa ba ne, ya ƙi buɗewa. Na san haka zai yi, na gwada ne kawai.

Sai na ajiye shi na bi fayafai ukun da hannu, ina ɗinka gunduwoyin da suka rage a inda ya kamata su zauna, inda babu kuma in bar shi baƙi. Sa'ar da muka yi Kawu manya yake ɗaukar hotunansa, ba ya matse su, don haka abin da ya ɓace siraran layuka ne a kwance, daga sama har ƙasa. Hotunan suna fitowa, amma kowa a cikinsu kamar yana bayan asabari. Na ga Mamanku, na ga kakata, na ga mutanen da ban sani ba suna kallona ta tsakanin layukan. Na daina aikin in ni kaɗai ne a ɗaki.

Na Badung na gane shi da sauƙi, shi kaɗai ne mutum ɗaya jingine da bas. Ban cike layukan da zato ba, don in na cike fuskar wani zan ba yarinyar. Ga shi cikin ambulan. Ke za ki yanke ko a ba su haka ko a ce ya ɓace. Ni na kasa.

Mahdi

Ali Kazaure, Jos
Mayu, 2007

Yaya Mahdi,

Saƙo ya iso, Allah ya saka da alheri. Kowa lafiya. Ashraf ya zo ya ga hoton Mama da ka haɗo mana, ya daɗe a ɗakin Baba.

Na kwana biyu ina juya ambulan ɗin, na ce in ɓoye, na ce in bayar. Daga baya na ga ba nawa ba ne balle in hana. Na sa shi a firam na kai Daɗin Kowa, tunda haka Baba ya so. Ban taɓa shiga gidansu ba sai ranar. Ɗaki ɗaya ne da falo, da tagogin gilashi masu layi-layi. A bango kuwa ga wurin da yarinyar ta share, har ta sa an kafa ƙusa.

Na yi wa Magadaliya bayanin layukan tun kafin in buɗe, don kada ta firgita. Ta karɓa ta ɗora a cinya. Ido ɗaya ya fito sosai, da rabin dariyar, da hular a ƙeya. Sannan ta ce, "Shi ne. Rigar ma ni na wanke ta."

Ana ta hau kujera ta leƙa. Ta kalli hoton, ta kalli tagar falon, ta sake kallon hoton. Ba ta yi kuka ba, ba ta tambayi me ya ɓata shi ba. Cewa ta yi, "Mama, a waje yake, yana leƙo mu ta taga. Ki buɗe masa."

Yaya, Magadaliya ta miƙe. Wallahi ta miƙe da hoton a hannu, ta nufi ƙofa, sai da ta kama mariƙin sannan ta tsaya. Ni ma ƙofar nake kallo.

Ka sa su a addu'a, da Baba, da mu.

Ƙanwarka,
Balaraba